SAI BANGO YA TSAGE: DA ME ZA A LIƘE MAHAƊIN BUTUTUN HAYAƘI?

Duk wanda aiki ya taɓa kai shi madafar makarantar kwana, ko ta asibiti, ko gidan burodi a nan Yamai da asuba, ya san yadda wurin yake. Tun kafin kiran salla an hura wuta, manyan tukwane suna bisa murhu, ruwan koko yana tafasa. Daga bayan murhun wani bututun ƙarfe ya miƙe ya huda rufi, aikinsa kuwa shi ne ya kwashe hayaƙi ya kai waje. Amma in mutum ya ɗaga kai ya duba da kyau, sau da yawa zai ga baƙin zane ya gangaro daga inda guntun bututu ya gamu da ɗan'uwansa, hayaƙi yana silalowa ta nan, mata masu dafuwa suna share hawaye da bakin zane suna ci gaba da aikinsu.

In aka tambaya, amsar ba ta cika sakewa ba: ai bara ma an liƙe wurin. Da me aka liƙe? Wani ya ce da siminti, wani ya ce da kwalta, wani ya ce an naɗe shi da robar taya. Kowane ɗaya daga cikinsu ya yi kwanaki, sa'an nan ya tsage, ko ya narke, ko ya ƙone. An kashe kuɗi, hayaƙi kuwa yana nan.

Maganar ƙarama ce a ido, amma ta shafi lafiyar masu dafuwa, ta shafi yawan itacen da ake ƙonawa, ta kuma shafi rufin da ke bisa kan jama'a. Abin da ya kamata mai murhu ya riƙe shi ne, babu abin liƙi guda ɗaya da ya dace da bututu tun daga gindi har sama. Kowane mahaɗi da irin zafinsa, kuma zafin wurin ne yake zaɓen abin da za a sa masa.

DARASIN SHEKARUN 1980

Ƙasashen Sahel sun taɓa biyan kuɗin wannan karatu. Bayan babban farin 1973 da 1974, hukumomi sun lura da yadda dazuzzukan da ke kewaye da birane suke ƙarewa a cikin murhu. Aka shiga neman murhun da zai rage cin itace. Na farkon da aka yaɗa manya ne, ginannu da laka ko da siminti, masu ramin tukunya biyu ko uku, kowanne da bututunsa na hayaƙi. A Haute-Volta, wadda ta koma Burkina Faso a 1984, an san su da sunayen garuruwan Nuna da Kaya.

A takarda sun yi kyau. A tsakar gida kuwa sai jikinsu ya riƙa tsagewa, bakin tukunya ya ƙi zama daidai da raminsa, gindin bututu ya rabu da ginin, cikinsa ya toshe da kunkunniya. Gwaje-gwajen da aka yi a Wagadugu a farkon shekarun 1980, a ƙarƙashin ƙungiyar CILSS mai yaƙi da fari a Sahel, sun nuna cewa ƙaramin murhu mai tukunya ɗaya, marar bututu, wanda aka auna shi daidai da tukunyarsa, yana iya fin waɗannan manya tsimin itace.

Nijar ta bi wannan hanya. A shekarun da aka yi muhawarar ƙasa ta Maraɗi a kan yaƙi da hamada, watau 1984 da bayanta, murhu biyu ne suka yi suna: Mai Sauƙi, na ƙarfe, wanda maƙeran Yamai suka riƙa ƙerawa da tsohon kwano, da Albarka, na laka, wanda mace take iya ginawa da hannunta. Dukansu ba su da bututu. Ga gidan da ake dafuwa a fili, wannan dabara ta wadatar.

Amma akwai wuraren da ba su da mafita. Madafar da ke ciyar da ɗaruruwan mutane a cikin ɗaki rufaffe, da tandar burodi da ke tsakiyar unguwa, ba su iya rabuwa da bututu. Iskar gas ta ƙaru a kasuwa tun da matatar man Damagaram ta fara aiki a 2011, duk da haka itace bai bar manyan madafai ba. Ga masu irin waɗannan wurare, darasin shekarun 1980 yana nan daram: murhu mai bututu ba ya fin mahaɗinsa ƙarfi.

YADDA BUTUTU YAKE JAN HAYAƘI

Hayaƙi mai zafi ya fi iskar waje rashin nauyi, shi ya sa yake tashi. Yayin da yake hawa cikin bututu, yana jawo sabuwar iska ta bakin murhu, ita ce take rura wuta. Gwargwadon tsawon bututu da zafin abin da ke cikinsa, gwargwadon ƙarfin wannan ja.

Saboda haka, in wuta ta kama sosai, kafar da ke jikin mahaɗi ba fitar da hayaƙi take yi ba, zuƙar iska take yi. Mai shakka ya kunna ashana ya kai ta kusa da wurin, zai ga harshen wutar ya karkata ya nufi ciki. Wannan iska mai sanyi da ta shiga ta gefe tana rage wadda ya kamata ta shiga ta bakin murhu, tana kuma sanyaya hayaƙin. Sai wuta ta yi nauyi, tukunya ta daɗe ba ta tafasa ba, a ƙara itace. In hayaƙi ya yi sanyi ƙasa da digiri 120 ko kusa da haka, sai ya fara barin wani baƙin danƙo mai kama da kwalta a jikin ƙarfen. Shi ne zanen nan da ake gani yana gangarowa. Yana cin ƙarfe, kuma in ya taru yana kama wuta.

Hayaƙi yana fitowa ta kafar ne a lokuta uku: da farkon hura wuta sa'ad da bututu yake da sanyi, da lokacin da iska ta bugo daga sama ta mayar da shi, da kuma in cikin bututun ya toshe. Wannan na ukun shi ne abin lura. Mahaɗin da ke fitar da hayaƙi tun safe har dare, alhali wuta tana ci, yana faɗin cewa akwai cikas a sama, ko bututun ya yi gajarta. Nan liƙi ba magani ba ne. In an toshe wannan kafa, hayaƙin zai nemi wata, ko ya dawo ta bakin murhu. A fara sharewa tukuna.

Haɗarin bai tsaya ga hawaye da tari ba. Itacen da bai ƙone sarai ba yana fitar da wata iska mai guba da masana ke kira kabon monoksid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jini tana kama shi fiye da yadda iskar numfashi take kama shi sau 200 da ɗoriya. Alamunta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da mutuwar jiki. A ɗaki rufaffe tana kisa. Lokacin ɗari, sa'ad da ake rufe ƙofa da taga, shi ne lokacinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020.

KOWANE MAHAƊI DA ZAFINSA

Bututu yana da wurare uku, kuma ba ɗaya suke ba.

Na farko shi ne gindi, inda ƙarfe ya fita daga jikin murhu, da mita ɗaya da ke biye. Nan harshen wuta kan kai. A aikin yau da kullum zafin wurin yana wuce digiri 300, in an cika itace kuwa yana iya haura 500. Ƙarfen da aka ga ya yi ja cikin duhu ya riga ya wuce digiri 500.

Na biyu shi ne tsakiya, daga nan har zuwa rufi. Jikin ƙarfen yakan tsaya tsakanin digiri 150 da 250.

Na uku shi ne inda ya huda rufi da abin da ya fita waje. Zafi ya ragu, amma ga rana, ga ruwan damana, ga guguwar da ke riga hadari isowa.

Wanda ba shi da ma'aunin zafi yana iya gwadawa da ruwa. A yarfa ɗigo a jikin bututu lokacin da wuta take tsakiyar ci. In ya tsaya yana bushewa a hankali, wurin bai kai digiri 100 ba. In ya yi cuu ya ɓace, ya wuce. In kuwa ya dunƙule kamar ƙwayar gero ya yi tsalle ya faɗi, zafin ya kai wajen 200 ko fiye.

Akwai kuma halin ƙarfe da ya kamata a sani. Ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi, ya koma in ya huce. Mita ɗaya na bututu, in zafinsa ya ƙaru da digiri 300, tsawonsa yana ƙaruwa da milimita uku da rabi. Abin kaɗan ne, amma kullum ne, safe da yamma. Laka da siminti ba su bin sa a wannan kai da komo. Abin liƙi mai tauri yana jure wuta amma motsi yana fasa shi; mai taushi yana bin motsi amma wuta tana cinye shi. Dukan zaɓen yana tsakanin waɗannan biyu ne.

ABUBUWAN DA BA SU DACE BA

Siminti shi ne na farko da hannu yake kaiwa, domin yana kusa kuma an san ƙarfinsa a gini. Amma ƙarfin siminti daga ruwan da ya sha ya riƙe a jikinsa yake. Wuta tana korar wannan ruwa. Daga digiri 300 ya fara rauni, kafin 500 ya soma zama gari. Simintin Malbaza da na kowace ƙasa duk ɗaya suke a nan. Ba laifin kamfani ba ne, ba don wuta aka yi shi ba.

Kwalta tana narkewa ta tsiyaye, kuma ita kanta makamashi ce. Robar taya da leda da tsumma haka nan, suna ƙonewa su cika madafa da hayaƙi mai guba bisa abincin jama'a. Mastik ɗin da masu gyaran mota suke shafe jikin mota da shi, da wanda ake kama gilashin taga da shi, ba su wuce zafin rana da yawa ba. Liƙin dalma, irin wanda ake toshe bokiti da shi, yana narkewa tun kafin digiri 200.

Silikon na gama-gari, fari ko mai kamar ruwa, wanda ake sa wa famfo da wurin wanka, shi ma ba na wuta ba ne. Wanda yake warin tsami in an matso shi yana ma sa ƙarfe tsatsa.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan duka haɗari, domin shi yana jure wuta ƙwarai, har maƙeri ya yaba shi. Shi ne amiyant, farin abu mai zare-zare da ake samu a tsofaffin injuna, da tsofaffin faifan birki, da wasu tsofaffin allunan rufi. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, kuma tana kawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Faransa ta hana aiki da shi tun 1997, ƙasashe da dama sun yi haka. Wanda ya tsinci irinsa a cikin tsofaffin kaya kada ya yanka, kada ya daka, kada ya kai shi madafa.

Ƙarfen bututun ma abin dubawa ne. Farin kwanon rufi an shafe shi da tutiya don kada ya yi tsatsa. Tutiya tana narkewa a digiri 420, tana ɓarewa tun kafin nan, kuma hayaƙinta yana sa zazzaɓi. Bai dace da gindin bututu ba. Nan baƙin ƙarfe mai kauri ake so. In maƙeran Katako ko na Bukoki za su yanko shi daga tsohuwar gangar ƙarfe, a tabbata an san abin da gangar ta ɗauka, an kuma ƙone fentinta a fili, nesa da abinci, kafin a shigo da ita. Gangar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba ta shiga madafa ko kaɗan.

ABUBUWA HUƊU DA SUKA DACE

Na ɗaya, yumɓu. Shi ne mafi araha, kuma a gindin bututu, inda ƙarfe ya shiga ginin laka ko na tubali, babu abin kunya a cikinsa. Wuta ba ta cin yumɓu, gasa shi take yi. Aibinsa ɗaya, yana tsukewa in ya bushe, sai ya tsage. Magina tukwane, irin na Bubon da ke bakin kogi arewa da Yamai da na Mirya a jihar Damagaram, sun daɗe da sanin cewa ba a gina tukunya da yumɓu tsura, sai an rage masa danƙo. Ana yin haka da rairai mai tsabta, ko da tsingaro da aka daka aka tankaɗe. Tsingaro ya fi, domin ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa. Ana ƙara ɗan ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki don zarensu ya kama cakuɗin yayin da yake bushewa.

Awon da aka saba farawa da shi shi ne ma'auni ɗaya na yumɓu, biyu ko uku na rairai ko tsingaro. Amma ƙasa ta bambanta, ta fadama daban, ta suri daban. Saboda haka a yi gwaji. A kwaɓa kashi uku, kowanne da awonsa, a yi su kamar waina, a shanya a inuwa, sa'an nan a sa su cikin murhu. Wanda ya tsage yumɓunsa ya yi yawa. Wanda ya marmashe a hannu rairansa ya yi yawa. Wanda ya fito lafiya, shi ne awon wannan ƙasa. Liƙin yumɓu ba ya dawwama, yana son a sabunta shi in ya fara zane, amma sabuntawar ba ta cin kome sai ɗan lokaci.

Na biyu, mastik na wuta, wanda ake sayarwa a gwangwani ko a kwalbar matsawa a kantunan kayan gini. Yawanci baƙi ne ko toka-toka. A jikinsa akan rubuta kalmar Faransanci « réfractaire », da lambar zafi, 1000 ko 1200 ko ma 1500. An haɗa shi da wani ruwa mai kama da narkakken gilashi da garin ƙasa mai jure wuta. In ya ji zafi yana yin tauri kamar dutse. Wurinsa shi ne gindi da mahaɗin farko, ƙarfe da ƙarfe ko ƙarfe da tubali. Yana da sharuɗɗa uku. Ba ya cike babbar kafa, ƴan milimita kaɗan ne iyakarsa. Ba ya son motsi, sai an ɗaure bututun ya tsaya cik. Ba ya son ruwa, saboda haka ba a kai shi bisa rufi. A duba kuma kada ya zama ya bushe a cikin gwangwaninsa, domin zafin Yamai ba ya barin kayan kanti su daɗe.

Na uku, igiyar zaren gilashi, fara, mai laushi, wadda ake sa wa ƙofar tanda. Tana jure zafi har wajen digiri 500. Amfaninta shi ne tana bin motsin ƙarfe. Inda kafa ta yi faɗi, a cusa igiyar ta zagaye bututun, sa'an nan a shafe bayanta da yumɓu ko da mastik na wuta. Wannan haɗi ya fi kowane ɗayansu shi kaɗai daɗewa. A saye ta sabuwa cikin ledarta mai rubutu, domin a ido tana kama da amiyant. Mai aiki ya sa safar hannu, ya rufe hanci, don zarenta yana ƙaiƙayi.

Na huɗu, silikon na zafi, wanda galibi ja ne, irin wanda makanikai suke sa wa injin mota. Yana nan da taushinsa bayan ya bushe, ruwa ba ya ratsa shi. Amma iyakarsa wajen digiri 250 zuwa 300 ce. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaban kwalbar sau da yawa zafin ɗan lokaci ce. Wanda yake jurewa kullum yana ƙasa da ita, an rubuta shi da ƙanana a baya. Wurinsa shi ne sama, nesa da wuta, da inda ake son tare ruwan sama. In an sa shi a gindi zai zama farin gari ya zube. Jan launi kaɗai ba shaida ba ne, a karanta lamba.

Ga ƙa'idar a taƙaice. Gindi, yumɓu ko mastik na wuta, da igiyar gilashi in kafa ta yi faɗi. Tsakiya, haɗi mai kyau, da ɗan mastik na wuta in akwai bukata. Sama da waje, silikon na zafi.

HAƊI YANA GABAN LIƘI

Bututun da aka ƙera daidai ba ya bukatar liƙi mai yawa. A ƙasashen sanyi, inda ake ɗumama ɗaki da murhun itace, yawancin mahaɗan tsakiya ba a shafa musu kome. Ana tsuke bakin guntu ɗaya ya shige cikin ɗayan kamar faɗin yatsa uku, ya kama tsam, a ɗaure da ƙusa uku masu murɗi.

Wajen shigarwa akwai kuskuren da ya zama ruwan dare. Mutane suna ganin tun da hayaƙi sama yake tafiya, guntun ƙasa ne ya kamata ya shige cikin na sama. Ga murhun itace akasin haka ne daidai. Na sama ne yake shiga cikin na ƙasa, tsukakken baki yana duban murhu. Dalili shi ne, baƙin danƙon nan da ruwan da ke tsatsafowa su gangara ta ciki su koma wuta, maimakon su fito waje su wanke liƙin. Hayaƙi ba zai tsere ta nan ba, tun da an ga cewa bututu zuƙa yake yi.

Kada a yi wa bututu walda tun daga ƙasa har sama. Dole a bar mahaɗin da za a kwance a share ciki. A rage kwana, domin kowace kwana tana rage ja kuma tana tara kunkunniya. In tilas ne wani sashe ya kwanta, ya zama gajere, kuma ya riƙa hawa da kamar santimita 2 a kowace mita. A ɗaure shi da bango da ƙarfe don nauyinsa kada ya zauna bisa liƙin.

Ranar aiki, a bar murhu ya huce sarai. A kankare tsohon liƙi da tsatsa da kunkunniya har ƙarfe ya fito, domin ba abin da ke kama datti. Yumɓu da mastik na wuta suna son a ɗan jiƙa wurin. Silikon yana son busasshe ƙayau. A tura abin liƙin cikin kafar, kada a tsaya ga shafa shi a baya. A bar shi ya kwana, yumɓu kuwa ya yi kwana biyu ko uku. Sa'an nan a hura ƴar ƙaramar wuta ta ƙirare, a ƙara a hankali. Wanda ya yi gaggawa ya cika itace, ruwan da ya rage a ciki zai tafasa ya fasa aikin tun ranar farko.

INDA YA HUDA RUFI

Nan ne gobara take farawa. Itacen da ya daɗe yana shan zafi yana bushewa ya yi baƙi, har ya kai ga kamawa da zafin da a da ba ya yi masa kome. Ƙa'idar masu kashe gobara ta Amurka ta ce a bar inci 18, watau kamar santimita 45, tsakanin bututun ƙarfe mai fata ɗaya da duk abin da ke cin wuta. Azara, da katako, da zana, da silin, duk suna cikin wannan lissafi. Babu abin liƙin da yake maye gurbin wannan tazara.

A buɗe rami mai faɗi a rufin, a rufe shi da faifan ƙarfe mai wuya, bututu ya bi ta tsakiya. A bisa wuyan a ɗaura wa bututun wani zobe mai kamar malfa, a zagaye bakinsa da silikon na zafi don ruwa ya zube gefe. Kan bututu ya ɗara ƙololuwar rufi. A Faransa ƙa'ida santimita 40 ce aƙalla. A sa masa hula mai tare ruwa wadda ba ta matse hanyar hayaƙi ba, a kuma ɗaure shi da waya ta fuska uku saboda iskar damana.

GA MASU RIƘE DA AMANAR MADAFA

Shugaban makaranta, da mai kula da kuɗin asibiti, da mai gidan burodi, su ne suke sa hannu a takardar aiki. Kalmar « a liƙe bututu » ita kaɗai ba ta isa ba, domin kowane ma'aikaci zai cika ta da abin da ya samu. A rubuta irin ƙarfen da kaurinsa, da abin da za a sa a kowane mahaɗi, da lambar zafinsa. A nemi ganin gwangwanin kafin a buɗe shi. Kada a karɓi aiki sai an hura wuta an zagaya kowane mahaɗi da ashana.

A ware ɗan kuɗin gyara a kasafin shekara, domin bututu kamar rijiya yake, yana son yasa. A duba shi sau biyu aƙalla, a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, da watan Oktoba kafin ɗari ya shigo. Madafar da ke aiki kullum tana bukatar shara fiye da haka. A tanadi busasshen itace a ƙarƙashin rumfa, domin ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma shi ne yake cika bututu da danƙo. Tun da dokar 1992 ta tsara kasuwannin itace na karkara, itacen da ke shigowa Yamai yana da haraji da kuɗin mota a kansa. Duk guntun da ya ƙone a banza saboda kafar da ba a toshe ba, asara ce ga aljihu da ga daji.

Sa'an nan a saurari masu dafuwa. Su ne suke fara sanin ranar da wuta ta yi nauyi, da ranar da tukunya ta ƙi tafasa a kan lokaci, da ranar da suka koma gida da ciwon kai. In mutum biyu ko uku a madafa ɗaya suka yi kukan ciwon kai da jiri lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da suka fita waje, a kashe wuta, a buɗe ƙofa da taga, a kai wanda ya galabaita asibiti ba tare da jinkiri ba. Kada a sake hura murhun sai an kwance bututun an duba cikinsa.